Barclay de Tolly Bai Sayar da Rasha Ba: Martani Ga Masu Zarginsa

A watan Agustan 1812, lokacin da rundunar Napoleon ke ƙara nutsawa cikin Rasha, babu sunan da ake tsine wa a ƙasar kamar na Janar Mikhail Barclay de Tolly, ministan yaƙi kuma kwamandan Runduna ta Ɗaya ta Yamma. Takwaransa na Runduna ta Biyu, Yarima Bagration, ya yi ta aika wasiƙu Petersburg da Mosko yana kiransa matsoraci mai sanyin jiki, wanda ke yi wa baƙo jagora har tsakar gida. Ƙanen sarki, Yarima Constantine, ya faɗa a bainar jama'a cewa mai jan ragamarsu ba shi da jinin Rasha a jikinsa. Ƙananan sojoji suka murɗe sunansa suka mai da shi abin ba'a. Da ya bar sansani a watan Oktoba, mutanen garin Kaluga suka bi karusarsa da jifa. Daga baya Tolstoy, a littafinsa na Yaƙi da Zaman Lafiya, ya jefa shi cikin Jamusawan da suka iya lissafi amma ba su san zuciyar Rasha ba. Shi ya sa har yau wanda ya san labarin shekarar sama-sama, abin da zai ce maka shi ne wani Bajamushe ya yi ta gudu, tsoho Kutuzov ya zo ya tsaya, hunturu ya ƙarasa aikin.

An zalunci mutumin nan, kuma zan bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Inda gaskiya take a bakin masu zargi zan ba su abarsu. Ranakun da zan kawo na kalandar da muke aiki da ita yau ne, domin ta Rashawa a wancan ƙarni tana baya da kwana 12.

Tsoro shi ne zargin da ya fi yawo, shi ne kuma ya fi rashin tushe. An haifi Barclay a 1761, a gidan ƙananan masu sarauta da ba su da dukiya, ba su kuma da uwa a gindin murhu a fada. Ya kama aikin soja gadan-gadan a 1776, bai ga muƙamin kanar ba sai 1798, a zamanin da 'ya'yan manyan gidaje ke samunsa tun gemu bai tsiro ba. Duk matakin da ya taka, a bakin bindiga ya taka shi. Yana cikin waɗanda suka afka wa tungar Turkawa ta Ochakov a Disambar 1788. A yaƙin Suwidin na 1790, da maigidansa Yarima Anhalt-Bernburg ya ji raunin da ya zama ajalinsa, Barclay ya miƙa wa takobinsa. A Polan a 1794 ya sami lambar Waliyyi George, lambar da mayaƙan Rasha suka fi daraja. A Fabrairun 1807, a Hof, shi aka bari a baya ya tare mahayan Murat, mashal ɗin Napoleon, don sauran runduna ta samu ta wuce. Kashegari, a titunan Eylau, harsashi ya farfasa masa ƙashin hannun dama, hannun da bai ƙara komawa daidai ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Bagration na wurin a ranar, shi ne ma ya ja dakaru suka sake kutsawa garin bayan an ɗauke Barclay daga fage. Ba labari aka ba shi ba.

A Maris ɗin 1809 aka umarci Barclay ya tsallaka tekun da ke tsakanin Finlan da Suwidin a ƙafa, ta kan ƙanƙara, a mashigin Kvarken. Ya tashi daga Vaasa da mutum dubu 3 da 'yan kai, da dawakai da 'yan igwogi. Tafiyar kilomita 80 ce ko fiye, kuma ƙanƙarar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Iska ta kakkarya ta, ta tara ta tuli-tuli, ga tsaga a tsakani. Doki ya zame ya karye, mutum ya nutse cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, dare ya yi a kwanta a fili ba tanti. Haka suka ɓullo a gaban Umeå, kwamandan Suwidin ya nemi sulhu ya bar musu garin. Wannan ne ya sa aka yi masa cikakken janar, aka naɗa shi gwamnan Finlan. Bagration ma a watan ya taka ƙanƙara zuwa tsibiran Åland, kuma rana ɗaya aka ƙara musu girma. Mai karatu ya riƙe wannan, akwai magana a kansa nan gaba.

Sai Borodino, ranar 7 ga Satumban 1812, bayan an riga an ɗora Kutuzov a kansa. Barclay ke riƙe da dama da tsakiyar daga. Ya fito cikin cikakkiyar rigar ado ta janar, lambobi na ƙyalli a ƙirji, hula mai gashin tsuntsu a ka, shigar da duk mai bindiga zai hango daga nesa, ya yi ta kai-komo inda wuta ta fi zafi. An kashe dawakai da dama yana bisansu. Yawancin dogaransa an kashe ko an jikkata. Da rana ta karkata, Faransawa suka ƙwace babbar tungar igwa ta Raevsky, shi ya jawo mahayan fada ya toshe ɓarakar, ya shiga tsakiyar sara da suka da kansa. Sojojin da makonni kaɗan baya suka daina amsa gaisuwarsa, a ranar sowa suka yi masa. Daga baya ya rubuta wa sarki cewa ya so mutuwa ta ɗauke shi a wannan yini, ba ta yarda ba. Wanda ya ga dama ya kira wannan ganganci, ko baƙin cikin mutumin da aka ci wa mutunci. Sunan tsoro dai bai hau shi ba.

Masu zargi za su ce to, mun ji, shi a karan kansa jarumi ne, amma a matsayinsa na kwamanda ya bar ƙasa mai faɗin gaske bai tsaya an yi gaba da gaba ba. Wannan ne zargi na biyu, kuma shi ya cancanci a zauna a kansa. Ranar 24 ga Yuni Napoleon ya haye kogin Niemen. Rukunin farko na dakarunsa ya haura dubu 400, kafin a gama yaƙin kuwa waɗanda suka shiga Rasha sun kai kimanin dubu 600. Barclay na da kimanin dubu 120. Bagration, can kudu da shi, na da kimanin dubu 45, tsakaninsu tafiyar kwanaki. Abin da Napoleon ya fi kowa iyawa shi ne ya tilasta wa abokin gaba babban karo ɗaya, ya murƙushe rundunarsa a yini guda, sannan ya zauna ya shifta masa sharuɗɗan sulhu. Haka ya yi wa Ostiriya da Rasha a Austerlitz a 1805, ya yi wa Purushiya a Jena a 1806, ya sake yi wa Rasha a Friedland a 1807, kayen da ya kai Sarki Alexander ga sulhun Tilsit. Wannan karon ma guzurin gajeren yaƙi ya ɗauko. Duk wanda ya ce kamata ya yi Barclay ya ja daga a Vilna, cewa yake a miƙa wa Napoleon ainihin abin da ya zo nema. Shawarar da Bagration ya nace a kai ita ce a kai farmaki ta wajen Warsaw, ko da aka fara yaƙi ma bai sauka daga kanta ba. Namiji ne, babu musu, amma a ganina da an bi shi da yaƙin bai ga watan Agusta ba.

Shi kansa ja da bayan yana kisa. Barclay na janyewa yana kwashe rumbunan abinci, wanda bai kwasu ba ya sa masa wuta. Hanyoyin Lituweniya da Belarus ba irin na Jamus da Italiya ba ne, ƙauyuka jefi-jefi, amfanin gona bai nuna ba. A makon farko aka tafka ruwan sama mai sanyi a wajen Vilna, dubban dawakai suka mutu, wasu saboda ɗanyen hatsin da aka tura musu don babu harawa. Bayan ruwa sai zafi da ƙura. Kekunan guzuri suka maƙale a baya, sojoji suka bazu neman abin kaiwa baki, da yawa ba su dawo ba. Atuni ya shiga, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya shiga. Ga kuma dakarun da dole a bari a kowane gari don tsaron hanya. Kafin a kai Borodino, abin da Napoleon ya iya tsayarwa a fage kimanin dubu 130 ne, kusan kunnen doki da Rashawa. Kuma duk da haka Rasha ta yi asarar fiye da mutum dubu 40 a yinin, ta bar filin. Sai mai karatu ya auna yadda za ta kaya da an yi wannan karo a watan Yuni.

Ba kuma gudun famfalaƙi aka yi ba. A Vitebsk, ƙarshen Yuli, Barclay ya ja daga da niyyar faɗa don ya ba Bagration damar iso shi. Sai ɗan aike ya zo da labarin cewa Mashal Davout ya tare Bagration a Mogilev, ba zai iso ba. Dalilin faɗan ya faɗi ke nan. Napoleon ya kwana yana jiran gari ya waye a gwabza, wutar sansanin Rashawa na ci a gabansa, da asuba ya tarar da fili wayam. Faransawan da suka rubuta labarin tafiyar sun yi mamakin yadda ba a bar musu ko karyayyen keke ko makamin da aka yar ba, har suka rasa gane hanyar da aka bi. Rundunar da tsoro ya kora ba haka take tafiya ba. A farkon Agusta rundunonin biyu suka haɗu a Smolensk, haɗuwar da Napoleon ya yi fiye da wata guda yana ƙoƙarin hanawa.

Zargi na uku shi ya fi yi wa Rashawa ciwo, wato barin Smolensk, kuma na fahimci ciwon. Garuruwan da aka bari kafin nan yawanci waɗanda aka karɓe daga Polan ne. Smolensk kuwa tsohon birninsu ne, mai ganuwar tubali tun zamanin Sarki Boris Godunov, mai coci-cocin da suke girmamawa, ƙofar Mosko. Amma ai an yi faɗa a Smolensk. Janar Raevsky ya riƙe birnin ranar 16 ga Agusta, Janar Dokhturov ya karɓe shi ranar 17, Faransawa suka yi ta kai hari ga ganuwa ba su shiga ba, suka zubar da dubban mutane. Harsashin igwa ya kunna wa gidajen katako wuta, kafin gari ya waye yawancin birnin ya ƙone. Abin da Barclay ya hango shi ne, birnin na gaɓar kudu ta kogin Dnieper, hanyar Mosko ta fita ne ta gaɓar arewa, kogin kuma a wannan rani ana ratsa shi a ƙafa a sama da gari. Napoleon na iya shagaltar da shi a bakin ganuwa, ya zagaya ya datse hanyar. Kuma abin ya kusa faruwa. Ranar 19 ga wata Janar Junot ya haye kogin da dakarunsa daidai inda ake jin tsoro, ba don ya tsaya inda-inda ba da ya datse Rashawa a Valutino, inda Janar Tuchkov ya tsare mararraba da kyar har aka kama shi da rauni a jiki. Wanda ya ce a ƙara kwana biyu cikin birnin da ya zama toka, sai ya faɗa mana ta ina rundunar za ta fita.

Inda Barclay ya yi laifi na gaske, masu zaginsa ba su cika ambata ba, domin su suka tura shi. Kwanaki kaɗan kafin faɗan Smolensk, janar-janar suka taru suka matsa masa lamba a kai hari ta wajen Rudnya. Ya amince ba da son ransa ba, aka tashi, sai labari ya zo masa cewa Faransawa na taruwa ta arewa. Ya tsaya, ya juya, ya sake juyawa. Kusan mako guda sojoji na kai-komo cikin zafi, ba faɗa ba hutu. A tsakanin nan Napoleon ya haye Dnieper ya nufi Smolensk ta kudu, ba don Janar Neverovsky da sabbin kuratansa sun ɓata wa Murat lokaci a Krasny ba da an ji kunya. Kwamanda ko dai ya ƙi shawara a fili, ko ya bi ta da zuciya ɗaya. Barclay bai yi ko ɗaya ba, kuma wannan makon ya cinye sauran yardar da hafsoshi suka yi masa. Na ba masu zargi wannan.

Sai dai ga tambayar da ba su taɓa amsawa ba. Kutuzov ya iso sansani ranar 29 ga Agusta a Tsarevo-Zaymishche, inda Barclay ya riga ya zaɓi fili don babban karo. Me ya yi? Ya zagaya, ya yaba wa sojoji, ya ba da umarnin a ci gaba da ja da baya. Bayan Borodino ma baya ya ja. Ranar 13 ga Satumba, a gidan katakon wani manomi a ƙauyen Fili, aka zauna kan ko a tsaya a kare Mosko. Janar Bennigsen ya ce a tsaya. Barclay, da zazzaɓi a jikinsa, ya ce filin da aka zaɓa tarko ne, ga kwazazzabai ga kogi a baya, kuma muddin runduna na raye ana iya ci gaba da yaƙi, in ta hallaka kuwa an rasa Mosko an rasa Rasha gaba ɗaya. Kutuzov ya saurari kowa, ya yanke hukunci a kan maganar Barclay. Wanda ya bar Smolensk ya zama maci amana, wanda ya bar Mosko ya zama uban ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan ya kai mu ga zargin da ke kwance a ƙarƙashin sauran, wai baƙo ne, don haka ƙasar ba ta dame shi ba, ko ma ya sayar da ita. Asalin zuri'arsa Sikotlan ne, suka zauna a Riga tun ƙarni na 17, Riga kuwa ta shiga hannun Rasha a 1710. Kakansa ya yi magajin garin Riga, ubansa hafsa ne a sojan Rasha, shi kuma a Petersburg ya tashi. Bai taɓa yi wa wani sarki aiki ba sai na Rasha. Gaskiya ne Jamusanci ne harshen gidansu, ɗan cocin Luther ne a ƙasar da ke bin cocin Orthodox, Rashancinsa kuma da gargada. Amma a dubi masu jifan. Bagration jinin sarakunan Jojiya ne. Bennigsen, da ke cikin masu kitsa masa makirci a hedikwata, mutumin Hanover ne da ya shigo aikin Rasha da girmansa, shi ne kuma ya sha kaye a Friedland. Constantine mai maganar jini, uwarsa gimbiyar Württemberg ce, kakarsa Sarauniya Catherine ta Biyu a Stettin aka haife ta. Wittgenstein da ake yi wa kirari a wannan ranin cewa ya ceci Petersburg, sunansa kaɗai ya isa shaida.

Batun cin amana kuwa, fiye da shekara 200 ana tonon takardun ɓangarorin biyu, ba a fito da hujja ba. Abu ɗaya da ya yi kama da ita ya faru ne a lokacin Rudnya. Mahayan Cossack na Platov sun kama takardun Janar Sebastiani, aka ga ashe Faransawa sun san da harin tun kafin a kai shi. Nan take aka nuna Wolzogen da yatsa, wani Bajamushe cikin hafsoshin Barclay. Daga baya ta bayyana cewa wani matashin dogarin sarki ne, Yarima Lubomirski, ya rubuta wa mahaifiyarsa ta bar gida kafin faɗa ya iso, alhali a gidan ne Murat ya sauka. Sakacin ɗa mai tausayin uwa aka mayar cin amanar Jamusawa. Abin da ke ci wa manyan hafsoshi tuwo a ƙwarya kuwa ya girmi 1812. Ƙarin girman nan na 1809 ya tsallakar da Barclay kan gomman janar-janar da suka riga shi, kuma a jerin sunayen ranar na Bagration ne a sama da nasa. A sojan da ake auna mutum da ranar da ya sami muƙami, wannan kaɗai ya isa gaba.

Akwai zargi mai ɗan wayewa da ake ji daga bakin masu karatu, wai babu wani shiri, tilas ce ta kora shi, sa'a da hunturu suka rufa masa asiri. Barclay ya zama ministan yaƙi a Janairun 1810, ya yi kusan shekara 2 da rabi yana shirin wannan yaƙi. Ya ƙara yawan dakaru, ya tsara su rukuni-rukuni irin na Faransa, a zamaninsa aka gina tungar Bobruisk, a farkon 1812 ya fitar da kundin tafiyar da runduna a fagen yaƙi wanda aka yi ta aiki da shi shekaru bayansa. Shi ya kafa ofishin leƙen asirin soja, ya tura hafsoshi ofisoshin jakadancin Rasha da ke Turai. A Paris, ɗaya daga cikinsu, Chernyshev, ya sayi wani akawu a ma'aikatar yaƙi, yana samun jerin yawan dakarun Napoleon da inda kowane rukuni yake. Da asiri ya tonu aka fille wa akawun kai. Saboda haka Barclay ya san girman abin da ke tafe fiye da masu ihun a kai hari. Daga wannan ofishi ne wani hafsa mai suna Chuikevich ya rubuta masa takarda a Afrilun 1812 cewa a guji babban karo, a ja yaƙin ya yi tsawo, ko da za a bar ƙasa mai yawa. Misalai ma na gabansu. Sarki Peter na Ɗaya ya yi wa Charles na 12 na Suwidin haka kafin Poltava a 1709, Wellington na Ingila ya yi wa Masséna, mashal ɗin Napoleon, a Fotugal a 1810. Ba na cewa Barclay ya tsara tun farko cewa sai an kai Mosko. Shirin farko ya tsaya ne a kogin Dvina, a sansanin Drissa da Phull, mashawarcin sarki, tsohon hafsan Purushiya, ya ƙirƙiro, kuma Barclay na cikin waɗanda suka fitar da runduna daga wannan rami kafin a rufe bakinsa. Hunturu kuwa, Napoleon ya shiga Mosko ranar 14 ga Satumba da kimanin dubu 100, ya fita ranar 19 ga Oktoba, dusar ƙanƙara ba ta fara zuba sosai ba sai farkon Nuwamba. Babbar rundunar da ke tare da shi ta fi zubewa a hanyar zuwa, cikin rani, fiye da a hanyar komowa.

An ce miskili ne, marar fara'a, bai iya magana da soja ba. Rabin wannan gaskiya ne. Ba ya raha, ba ya shawara sai da 'yan ƙalilan, ba ya bayyana dalilinsa, kuma a lokacin da soja ke kallon ƙauyukan ƙasarsa na ci da wuta, shiru ba ya isarsa. Kutuzov ya san yadda ake durƙusawa gaban hoton addini a idon sojoji, ya san kalma biyun da zai jefa wa kurtu ya ji sanyi a ransa, Rasha kuma na bukatar irin wannan mutum a watan Satumba. Naɗa shi ba kuskure ba ne. Amma rashin fara'a daban, rashin tausayi daban. A 1810 Barclay ya aika wa kwamandoji takarda yana tsawatarwa kan dukan sojoji da gallaza musu a wajen fareti, yana danganta yawan ciwo da mace-mace a bariki da wannan hali. Ba kowane mai jinin Rasha tsantsa ba ne ya damu da bayan kurtu haka. Sannan shirun nasa, wa ya ɗora masa? Sarki Alexander ya san da shirin ja da baya, ya amince da shi. A watan Yuli ya bar sansani ya nufi Mosko bai naɗa babban kwamanda ba. Aka bar Barclay yana ba Bagration umarni da ƙarfin kujerar minista, Bagration na bi in ya ga dama, Ermolov, shugaban hafsoshin Barclay ɗin, na rubuta wa sarki wasiƙu a bayan idonsa, ga 'yan fada cike da hedikwata kowa da bakinsa, har sai da ya sallami Constantine da sunan kai saƙo. Da ƙasa ta ɗau zafi, sarki bai fito ya ce shirin da yardata aka yi shi ba. Da Barclay ya rubuta bayanin kare kansa ya roƙi a buga, ba a buga ba. In ana neman wanda ya ɓuya a 1812, a fara dubawa a fada.

Saura cewa ya yi fushi ya bar runduna ana tsakiyar yaƙi. Ya bari, a farkon Oktoba, bayan ya tsaya bisa doki ya ratsa da runduna ta cikin Mosko ba tare da ta watse ba. Ba shi da lafiya, an sauke shi daga minista, ana ba dakarunsa umarni ta bayansa. Ya koma 'yar gonarsa a Livoniya, cikin Istoniya ta yau. A Fabrairun 1813 aka kira shi, ya zo, ya karɓi Runduna ta Uku wadda ba ta kama ƙafar wadda ya bari ba, ya ci tungar Thorn a Afrilu. A watan ne Kutuzov ya rasu. Bayan faɗan Bautzen aka damƙa wa Barclay dakarun Rasha da Purushiya. A Kulm, ƙarshen Agusta, aka kewaye rundunar Faransa ta Janar Vandamme aka kama shi. Sai Leipzig a Oktoba. Ranar 31 ga Maris ɗin 1814 sojojin Rasha suka shiga Paris, aka yi masa fil-mashal, a 1815 aka ba shi sarautar yarima. Mutum 4 kacal suka taɓa haɗa dukkan matakai huɗu na lambar Waliyyi George a tarihin daular, shi da Kutuzov na ciki. Ya rasu a Mayun 1818 kusa da Insterburg, a hanyarsa ta zuwa neman magani.

Rashawa da kansu sun fara gyara tun da wuri. Mawaƙi Pushkin ya yi waƙa ta kare shi a 1835, ya sha suka daga wani ɗan'uwan Kutuzov. A 1837 aka kafa mutum-mutumin su biyun a gaban babban cocin Kazan da ke Petersburg. Abin da ya sake danne sunansa shi ne wasiƙar da Stalin ya rubuta wa wani malamin tarihin soja, Kanar Razin, a 1946, aka buga ta a 1947, inda ya ce Engels ya yi kuskure da ya fifita Barclay, Kutuzov ya kere masa nesa ba kusa ba. An fito ke nan daga yaƙi da Jamus da ya ci miliyoyin rayuka, kuma babu marubucin Tarayyar Sobiyet da zai yi jayayya da mai wasiƙar, sai littattafan makaranta suka bi sahu. Ba na rage wa Kutuzov komai. Sulhun Bucharest da ya ƙulla da Turkawa a Mayun 1812 nasa ne, zagayen da ya yi zuwa Tarutino da tare hanya a Maloyaroslavets duk nasa ne. Amma rundunar da ya tarar a Tsarevo-Zaymishche, da igwoginta da tutocinta, Barclay ne ya kawo masa ita tun daga bakin Niemen, tafiyar fiye da wata biyu, Napoleon na bin sawu.